Kaset ɗin da ke ƙasan adaka: Kafin ki jefar, kafin ki tura

Yau na ɗan ajiye maganar rigakafi da abincin yara, na zo mana da batun wata dukiya da ke kwance a gidajenmu, wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

A gidaje da yawa na cikin badala, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Soron Ɗinki, idan aka tashi gyaran ɗaki kafin damina, ko aka zo fitar da kayan wata tsohuwa da Allah Ya yi wa rasuwa, akan ci karo da leda ko kwali cike da tsofaffin kaset-kaset. Ba hoton mawaƙi a jiki, ba sunan kamfani. Sai dai rubutun biro da ya fara gogewa, wani da boko wani da ajami: “Shata, bikin Yaya,” ko “Amada, ranar suna.”

Abu biyu ne yakan faru da su. Ko dai a miƙa wa yara su yi ta zare zaren suna wasa har a share a kai bola, ko kuma wani ɗa mai wayon na'ura ya juye muryar a waya, kafin magariba tana zauren WhatsApp na dangi, washegari tana TikTok. Duka biyun akwai gaggawa a ciki. Irin wannan kaset ya cancanci a adana shi, kuma yana da masu haƙƙi a kansa da ya kamata a tuna da su kafin a saki.

Yadda aka same su

Kamfanin Philips ne ya fito da ƙaramin kaset a 1963. Kafin nan, naɗar murya galibi aikin gidajen rediyo ne da kamfanonin faifan garmaho. Da aka shiga shekarun 1970, kuɗin fetur ya shigo, alhazai suna dawowa daga Makka da rikoda a hannu, sai ya zama duk mai batir da kaset ɗin da ba a yi amfani da shi ba zai iya naɗar abin da ya ga dama. A wurin biki, wani ƙanen ango ko wata ƙanwar amarya za ta ajiye rikoda kusa da makaɗa, ta danna maɓallai biyu tare, shi ke nan. Ba a tambayi mawaƙi ba, shi ma galibi bai damu ba, hankalinsa na kan masu liƙi.

Za ki gane irin wannan ɗauka daga jin ta. Akwai guɗa, akwai muryar sanƙira yana shelar wanda ya ba da kyauta, akwai kukan jariri a gefe. Wani lokaci kiɗa yakan tsaya cak saboda an kira salla. Kaset ɗin da aka rubuta wa C90 minti 45 yake ɗauka a kowane gefe, shi ya sa waƙa takan yanke a tsakiya, ta dawo daga wani wuri, saboda mai rikoda yana juya kaset.

Daga nan sai kwafi ya haifi kwafi. Maƙwabciya ta ara ta juya, ɗan'uwa ya tafi da shi Legas ko Kumasi, wani kuma ya kai wa masu sayar da kaset. Kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna a wannan sana'a, har wani masani mai suna Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi dogon bayani a littafinsa na 2008 kan yadda juya kaset a wannan kasuwa ya shimfiɗa hanyar da fina-finan Hausa suka bi daga baya. Duk juyi ɗaya yana ƙara wa muryar shuu da dishi. Saboda haka kaset ɗin asali, wanda aka ɗauka a tsakar gidanku, ya fi duk kwafinsa da ke yawo a gari tsabtar sauti.

Abin da kamfani bai kama ba

Ki ɗauki Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a watan Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban jama'a, yana kallon wanda ke zaune a gabansa. Ko Bakandamiyarsa, yadda ya rera ta a wannan gari daban take da yadda ya rera ta a wancan. Ke nan kowane dare na wasa abu ne da ba zai maimaitu ba. Idan ba wanda ya danna rikoda, ya tafi ke nan har abada.

Ki kuma lura da wannan lissafi: Shata ya kai shekara 40 kafin ma a ƙirƙiro kaset. Duk wasannin da ya yi a kasuwanni da dandali yana saurayi, lokacin da yake neman suna, sai abin da rediyo ko faifai suka tsinta. Sauran yana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka halarta, su kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Masu tattara tarihi, irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da littafin tarihin Shata a 2006, ko Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero da ya daɗe yana rubuta waƙoƙin baka a takarda, dole sai sun sami muryar a naɗe kafin su iya aikinsu.

Abin ya fi tsanani a ɓangarenmu na mata. Kiɗan amada, wanda ake yi da ƙorai a kife, a cikin gida ake yin sa, ranar wuni ko ranar suna, inda maza ba sa shiga. Uwaliya Mai Amada ta nan Kano da Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a watan Maris na 2013, sun yi suna har muryarsu ta fita duniya. Amma zabiyoyi nawa ne aka yi a unguwannin cikin birni waɗanda ba su taɓa taka ƙofar gidan rediyo ba? Shaidar da ta rage cewa sun rayu, sun yi fasaha, sun sa mata dariya, sun zuga su kan neman na kansu, ita ce irin wancan kaset na cikin leda.

Ba mu kaɗai ba ne

Turawa ma suna da wannan al'ada ta ɗaukar bayan fage, kuma a wurinsu har kasuwa gare ta. Akwai wani mawaƙin Ingila mai kiɗan rok, David Bowie. A ranar 20 ga Oktoban 1972, lokacin da tauraronsa ke fara haskawa a Amurka, ya yi wasa a wani zaure a garin Santa Monica na jihar Kalifoniya. Wani gidan rediyo ya watsa wasan kai-tsaye, masu sauraro suka naɗa, aka riƙa buga faifan ana sayarwa a ɓoye shekara da shekaru. Masoyansa da yawa suna ganin a wannan ɗauka ce aka fi jin ainihin yadda yake a kan dandamali a wancan zamani. Sai a 2008 kamfaninsa ya fitar da ita a hukumance, shekara 36 bayan wasan. Shi kuwa Bob Dylan na Amurka, da ya ga ɗaukar bayan fage ta yi masa yawa tun daga 1969, sai kamfaninsa ya fara tattara irin waɗannan tsofaffin naɗe-naɗe yana fitarwa da kansa daga 1991.

Ga kuma misali na kusa da gida. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, bahago mai kaɗa jita, wanda ya fara da wasa a wuraren biki. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Ba kamfanin da ya fitar da su. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, ta bulutut da memori, har suka ƙetara Sahara. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga ciki a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara. Abin da ya burge ni a labarin shi ne, mutumin ya bi sawu har ya gano mai waƙar, aka yi yarjejeniya, aka ba shi kasonsa. Yau Mdou Moctar yana zaga Turai da Amurka yana wasa.

Darasin a fili yake. Ɗaukar da aka yi ba da izini ba tana iya ceton abin da zai ɓace, tana iya ɗaga mai fasaha. Amma alherinta bai cika ba sai an koma an nemi mai abu.

Haƙƙin mawaƙi da magadansa

Wata za ta ce, ai an biya shi a daren, an yi masa liƙi, har da riga aka ba shi. Gaskiya ne. Sai dai wancan kuɗi na wasan daren ne. Idan yau wani ya ɗora muryar a YouTube, tallace-tallace suna shigowa, kuɗi na shiga aljihunsa, alhali 'ya'yan mawaƙin da 'yan amshinsa ba su san ana yi ba, to an shiga wani babi daban.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a watan Maris na 2023, ta amince cewa mai wasa a gaban jama'a yana da iko kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa kuma ba ya mutuwa tare da shi, yana bin magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Akwai hukuma ta tarayya da ke kula da wannan. Ko ba doka, mu da muka san nauyin dukiyar marayu ba ma buƙatar lauya ya tuna mana. Sauraro a gida tare da iyali abu ne daban, mayar da muryar wani hanyar samun kuɗi kuma abu ne daban.

Haƙƙin matan da ke ciki

Wannan ne ya fi damu na, kuma shi aka fi mantawa. A aikinmu na jinya, tun muna makaranta ake nanata mana cewa ba a ɗaukar hoton majiyyaci ko muryarsa sai da yardarsa, kuma yardar da ya bayar don a duba lafiyarsa ba ta zama yardar a nuna wa duniya ba. Abin da mutum ya sake ya yi a wurin da yake jin ba baƙon ido, amana ne.

Haka tsakar gida take ranar wuni. Matan da suka taru a wancan lokaci sun saki jiki ne domin sun san su-ya-su ne. Zabiya takan kira mace da sunanta da sunan mijinta da unguwarsu. Takan yi wa kishiya habaici idan an biya ta. Akan yi barkwanci irin na manya, wanda ba a yi don kunnen yara ko surukai ba. Wadda aka wasa a kaset ɗin tana 'yar shekara 20, yau hajiya ce mai jikoki, wataƙila ita ake kira idan za a yi sulhu a dangi. Ki yi tunanin ta ji muryarta tana tashi daga wayar yaron shago.

Kin kuma san halin garinmu. Habaicin da aka yi shekara 40 da suka wuce yana iya tayar da tsohon miki tsakanin 'yan uba da suka daɗe da shiryawa. Idan aka zo binciken aure, ƙaramar magana takan zama babba. Abin da ya hau intanet kuwa ba ya saukowa, ko kin goge naki, wani ya riga ya sauke.

Saboda haka, kafin kowa ya tura, a zauna a saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ke da wata babba a gidan da ta san mutanen. A tambayi waɗanda aka ambata idan suna raye, ko 'ya'yansu idan sun rasu. In akwai wurin da zai kunyata wani, a bar shi a gida. Idan an ce a'a, to a'a ɗin ce.

Amfaninsa ga tsofaffinmu

Akwai wani dalili na lafiya da ya sa nake roƙon kada a zubar. Masu kula da tsofaffi sun daɗe da lura cewa wanda cutar mantuwa ta kama, har ya kasa tuna abin da ya ci da safe, sau da yawa yakan tuna waƙar ƙuruciyarsa, ya bi ta baiti-baiti. Jin sautin da aka saba da shi yana kwantar wa wasunsu da hankali, ya buɗe bakin wanda ya daina hira. Wannan ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin zuwa asibiti. Amma idan kina jinyar uwa ko kaka a ɗaki, ki gwada kunna mata a hankali, da sauti ƙasa-ƙasa, kina kallon fuskarta. In kin ga ta saki rai, ki bar shi. In kin ga ya tayar mata da hankali ko ya sa ta kuka mai tsanani, ki kashe.

Wadda ba ta sauraron kiɗa ma kada ta ce ba ruwanta. A cikin ledar nan akan sami karatun tafsirin azumi da aka ɗauka a masallacin unguwa, da waƙoƙin bege, da walimar saukar Alƙur'ani, har da saƙon murya da wani ɗan'uwa ya aiko daga Makka ko Sudan lokacin da ba waya. Wani kaset ɗin, shi kaɗai ne wurin da muryar mahaifinki ta rage.

Yadda za ki cece shi

Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son maganaɗisu. Zafin Kano na watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, da danshin watan Agusta a ɗakin ƙasa, duk suna cin sa a hankali. Ga abin da za ki yi:

Da farko ki duba ta tagar kaset ɗin. In kin ga farin ƙura-ƙura kamar hunhuna a jikin zaren, kada ki sa shi a rikoda, ki ware shi daga sauran, ki kai wa mai gyara.

A saman kowane kaset akwai 'yan ƙananan harsuna biyu na roba. Ki karya su. Muddin an karya, ba wanda zai yi kuskuren naɗar wani abu a kai ya goge na asali.

Ki sa biro a ramin ki juya a hankali, ki tabbatar zaren yana tafiya bai manne ba. In ya tsinke, kada ki haɗa da salatif na gida, danƙonsa yakan narke ya ɓata sauran zaren.

Rikodar da ta shekara 20 a ajiye tana iya taune zare. A goge kanta da auduga da ɗan sifirit, a bari ta bushe, sannan a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba.

Hanya mafi kyau ta juyawa ita ce a haɗa rikoda da kwamfuta da waya ta ramin abin sauraro na kunne. Akwai manhaja kyauta mai suna Audacity da matasa da yawa suka iya. In hakan bai samu ba, ki shiga ɗaki shiru, ki kashe fanka, ki sa wayarki a yanayin jirgi don kada kira ya katse, ki ajiye ta kusa da lasifika ki naɗa.

Idan za ki kai shago a juya miki, ki zauna a wurin har a gama, kuma ki ce a goge kwafin da ya rage a kwamfutarsu a gabanki. Ta nan ne abubuwan gida da yawa suke fita ba a sani ba.

Ki ajiye abin da aka juya a wuri biyu ko uku, misali memori da filashi da kuma wurin wata 'yar'uwa mai riƙon amana. Shi kuma kaset ɗin kada ki zubar. Ki mayar da shi gidansa, ki jera a tsaye, nesa da rana da lasifika.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran saurin kuɓucewa: ki ɗauki takarda ki zauna da tsohuwar da ta halarci bikin. Bikin wa? A wace unguwa? Wace shekara, ko a zamanin wane gwamna? Wace ce zabiyar, su wa ke mata amshi? Murya ba suna, ba kwanan wata, rabin darajarta ya tafi. In abin da kika samu ya shafi sanannen mawaƙi, kuma dangi sun yarda, masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su ne irin wuraren da ya dace a tuntuɓa.

Namu na yau

Yanzu kowace mace a wurin kamu rikoda ce da kanta. Waya goma, ashirin a sama, ana ɗaukar mai waƙa, ana ɗaukar masu rawa. Wani yaron da ke rera waƙa a bikin ƙanwarki bana, wanda ko sunansa ba ki riƙe ba, yana iya zama wanda jikokinki za su yi nazari a makaranta, kuma ɗaukarki ta zama shaidar farkonsa. Ki tambaye shi kafin ki ɗauka, ki rubuta sunansa da ranar. Ki kuma sani cewa waya ta fi kaset saurin cin amana: kaset yakan yi shekara 40 a adaka, waya kuwa faɗuwa ɗaya a ruwa ko hannun ɓarawo ta isa.

'Ya'yanmu a hannunmu za su koyi wannan ladabi. Yarinyar da ta ga uwarta ta sauke waya saboda wata baƙuwa ta ce ba ta son a ɗauke ta, ta koyi abin da ba a koyarwa a aji.

A wannan mako, ki tambayi Hajiya ko Inna ina aka ajiye kaset-kaset ɗin gidan, tun tana nan da za ta faɗa miki muryar wa ke ciki. Wadda ta samu, ta ba mu labari a ƙasa: na wane mawaƙi ne, kuma na wace shekara? Sunayen mutanen gida kuwa, a bar su a gida. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.